Sagara ta cika ido amma ƙwai shiru: abin dubawa kafin ƙwan fari

Kajin tsakar gida yawanci na uwar gida ne, ita ke ba su tsaba, ita ke sanin wadda ta kwana ba lafiya, don haka da ke za mu yi maganar. Kin sayo 'yan tsaki, ko kazarki ta ƙyanƙyashe, kin yi ta fama da shaho da muzuru har suka yi gashi suka zama 'yan mata. Yanzu kullum da safe sai kin leƙa akurki, kullum wayam. Maigida ya fara cewa dawar da suke ci ta fi ƙarfin amfaninsu, an ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kafin a kai ga wuƙa, akwai abubuwan da za ki duba, kuma mafi yawansu da hannunki za ki gane su.

Fara da ƙidayar kwanaki. Kajin gona, irin su Hisex da Bovans da Lohmann da ake sayarwa a kwali suna 'yan kwana ɗaya, suna fara ƙwai tsakanin mako 18 da 20 in sun samu abinci yadda ya kamata, wato wata huɗu zuwa huɗu da rabi ke nan. Kazar gida, wadda a nan Sudan ake ce wa baladi, ba ta da wannan gaggawar. Takan kai wata shida zuwa bakwai, wadda kuma ke yawon kiwo ba a ƙara mata komai tana iya kaiwa takwas. Ruwa-biyu, wato wadda uwarta baladi ce ubanta zakaran gona, tana faɗawa tsakani. Yawancin masu ƙorafin cewa kajinsu sun makara ba su san ranar da aka ƙyanƙyashe su ba, girman jiki kawai suke gani. Sagara kuwa tana cika ido tun kafin cikinta ya shirya. In ba ki rubuta ranar ba, ki tuna da wani abu da ya faru a lokacin, ko kafin azumi ne ko bayan an sha ruwan farko na damina, ki ƙirga daga nan.

In a kasuwa kika sayo su da girmansu, akwai tuntuɓe biyu. Na farko, tsohuwar kazar gona da ta gama shekarunta na ƙwai, a sayar miki da ita a matsayin budurwa. Ki dubi ƙafa: ta sagara sumul take, ta tsohuwa kuwa ɓawonta ya yi kaushi ya ɗaɗɗaga, farcen ya yi tsawo, gashin wuya da na wutsiya ya cinye. Na biyu, ɗan zakara da bai fara cara ba. Daga wata uku zuwa huɗu gashin wuyansa da na gadon bayansa kusa da wutsiya yakan fito da tsini yana sheƙi, na mace kuwa bakinsa a zagaye yake. Tunda an ambaci zakara: kaza ba ta bukatarsa kafin ta yi ƙwai. Aikinsa shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Gonakin ƙwai ba sa ajiye zakara ko ɗaya.

Abin da jikinta ke faɗa

Mako biyu ko uku kafin ƙwan fari, zankon kanta da jan naman da ke reto a ƙarƙashin bakinta sukan kumbura su yi jajir, su yi laushi da ɗumi in kin taɓa. Zanko ƙarami, busasshe, mai launin toka-toka, yana nufin da sauran lokaci, ko kuma jini ya yi mata ƙaranci, za mu zo kan wannan.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta ƙashi. Ki kama ta da dare bayan ta hau kwana, lokacin ba ta da gardama. Ki rungume ta a hammata kanta na kallon bayanki, ki lalubi gefe biyu na duburarta. Za ki ji ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini. Ki jera yatsunki a tsakaninsu. In yatsa ɗaya ne ya shiga da ƙyar, ki ba ta wata guda ko fiye. In biyu suka shiga, ta kusa, mako ɗaya zuwa biyu. In uku suka zauna, ƙasusuwan kuma sun yi laushi suna ɗan lanƙwasa, to wannan tana ƙwai, sai dai ba ki san inda take zubawa ba. Ga ƙaramar baladi yatsa biyu ma ya isa shaida. Ki duba duburar kanta: ta mai ƙwai tana da faɗi da damshi, ta wadda ba ta fara ba ƙarama ce a tsuke, a bushe.

Halinta ma yakan canza. Kazar da da take gudunki, sai ki miƙa hannu ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai ta tsaya cik. Wannan durƙuson na nufin saura kwanaki. Za ki ga tana shiga lungu-lungu, ta leƙa bayan randa, ta shiga ƙarƙashin angarib, wato gadon igiya, ta tona ta zauna ta tashi, tana ƙananan kuka kamar mai mita. Cin abincinta ya ƙaru, kuma in ta ga ɓawon ƙwai ko farin dutse sai ta kai masa baki.

Ga kajin gona akwai batun nauyi, kuma ya fi kwanaki muhimmanci. Jar kaza tana bukatar ta kai kusan kilo ɗaya da rabi a mako na 18, farar kaza kuma kilo ɗaya da giram 250 zuwa 300. Ki sa ta a buhu ki rataya a ma'auni. In ta gaza da giram 200 ko fiye, ba za ta fara a kan lokaci ba, kuma bai kamata a matsa mata ba.

Dawa kaɗai ba ta yin ƙwai

Nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa, musamman a ƙasar dawa irin Gadarif da Sinnar, inda fatarita, wani irin farar dawa, ke da sauƙin samu. Ana watsa musu dawa safe da yamma, a ƙara da ragowar tuwo ko kisra, wato gurasar dawa, a ce ai sun ƙoshi. Sun ƙoshi kam, amma furotin ɗin da ke cikin dawa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba ko kusa da haka, alhali mai shirin ƙwai tana bukatar kashi 16 zuwa 17. Kazar da aka raina da dawa zalla ko dai ta tsumbure, ko ta tara kitse a mara, dukansu kuma jinkiri ne. Wadda ke yawo a fili mai ciyawa tana cike giɓin da ƙwari da tsutsa a damina, amma da rani ƙasa ta bushe ba ta samun komai, ta tsakar gida mai katanga kuwa ko da damina ba ta samu.

In da hali, a sayi haɗaɗɗen abinci: na masu tasowa har zuwa mako 17 ko 18, daga nan a koma na masu ƙwai. In za a haɗa a gida, ga awon kilo 10 na masu tasowa, daga wata biyu zuwa lokacin da zanko ya fara ja: dawa ɓarzajjiya kilo 6 da rabi, tunkuzar gyaɗa wadda ake kira umbaz kilo 1 da giram 200, dusar alkama wato radda kilo 1 da giram 700, murakkaz (haɗin bitamin da furotin na kaji da ake sayarwa a shago) rabin kilo, sadaf (ɓarzajjen ɓawon katantanwar teku) giram 100. Na masu ƙwai kuma: dawa kilo 6, umbaz kilo 1 da rabi, radda kilo 1 da giram 100, murakkaz na masu ƙwai rabin kilo, sadaf giram 900. A tambayi mai shago ko murakkaz ɗin da gishiri a ciki. In babu, a ƙara giram 25 a kilo goman, kada a wuce. Murakkaz ɗin nan shi mutane ke fara cirewa don tsada, alhali shi ke ɗauke da bitamin da sauran abubuwan da dawa da gyaɗa ba su da su. In ya gagara, a haɗa umbaz na gyaɗa da na riɗi, a ƙara ɗan garin busasshen kifi marar gishiri, a riƙa tono musu gara.

Umbaz yana da sharruɗa. Wanda ya yi fumfuna ko yake warin ruma, a zubar, domin dafin fumfunar gyaɗa yana lalata hantar kaza, ta daina girma ta ƙi ƙwai. Na irin auduga da ake ba shanu da tumaki kuma ba na kaji ba ne, yana ɓata launin gwaiduwa ya rage ƙwai. Dawa ja mai ɗaci-ɗaci ma ba ta kai fara amfani ba.

Batun sadaf yana son a tsaya a kansa, don lokaci ne ke gyara shi ko ya ɓata shi. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kalsiyam kusan giram 2, mai ƙwai kuma tana bukatar kusan giram 4 a abincinta kowace rana. In ta fara ba ta samu ba, daga ƙashinta za ta ciro, sai ki ga ƙwai marar ɓawo, ko kaza ta gurfana ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Amma in aka ɗura wa 'yar wata biyu ko uku abincin masu ƙwai, yawan kalsiyam ɗin yana cutar da ƙodarta. Mafita mai sauƙi, musamman in manya da ƙanana a haɗe suke: a ba kowa abincin masu tasowa, a ajiye sadaf a gwangwani daban. Wadda jikinta ya kira za ta ci, wadda bai kira ba za ta wuce. A bar shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa kamar ƙwayar dawa, kada a niƙe shi lilis, domin mai girman yana daɗewa a ƙundu yana narkewa cikin dare, lokacin da ake gina ɓawo. Ɓawon ƙwan da aka ci ma yana yi, in an gasa shi an daka yadda ba za su gane kamanninsa ba.

Kazar gona mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, baladi ƙasa da haka. In za ki canza abinci, ki gauraya tsoho da sabo tsawon mako guda. Ki rataya musu damin ciyawar barsim ko ganyen jirjir ko na zogale. Dawa ba ta ba gwaiduwa launi, ganyen ne ke sa ta yi ja, kuma yana ɗauke musu hankali daga tsigar juna.

Zafi

Kaza ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Ba ta gumi, haki take yi. Daga digiri 30 zuwa sama cinta ke raguwa, a watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da Madani da Kassala da Khartum ke wuce 40, sai ta wuni a inuwa baki buɗe, fukafukai a sake. Sagarar da lokacin ƙwanta ya faɗo cikin bazara takan ƙara mako biyu zuwa huɗu, in ta fara kuma ƙwan ƙarami ne mai ɓawo sirit, saboda yawan haki yana rage sinadarin da jini ke kai wa ɓawo. Wannan ba cuta ba ce. Mai son kauce masa sai ya sayi 'yan tsaki a tsakiyar damina, su isa ƙwai cikin sanyi.

In kuwa an riga an shiga, a mayar da abinci zuwa sanyin asuba da bayan la'asar, a janye shi da tsakar rana, domin narkar da abinci ma zafi yake ƙara mata. Rufin kwano tsirara murhu ne; a shimfiɗa masa kara ko zana, ko a kafa rakuba, wato rumfa, a kansa, a bar iska tana ratsawa ta gefe biyu. A yayyafa ruwa a ƙasar inuwa su kwanta a kai.

Ruwa ya fi komai. A sanyi kaza ɗaya tana shan kusan rubu'in lita, a zafi tana iya ninkawa. Ruwan da ya yi zafi a roba ba ta sha, ko da ƙishi zai kashe ta. Kasko ko tsohuwar tukunyar ƙasa a inuwa ta fi, a canza sau biyu ko uku a rana daga randa. Albarkacin kaza ƙadangare zai sha, ba komai, amma kada kaskon ya bushe: 'yan sa'o'i babu ruwa a rana mai zafi sun isa su tsayar da ƙwai na kwanaki. A ranakun da zafi ya tsananta ana iya narka giram 1 na hodar bikarbonat, wato baking soda, a kowace lita.

Haske yana da nasa hannun, ko da yake a ƙasarmu bai kai zafi ba. Tsawon yini a nan yana tsakanin awa 11 da 13 ne duk shekara, kazar gona kuwa tana ba da ƙwai sosai a awa 14 zuwa 16. Ƙaramin ƙwan lantarki ko fitilar sola ya wadatar, haske daidai yadda za a iya karanta takarda a tsayin kan kaza. A fara bayan ta kai nauyi, ba kafin mako 17 ko 18 ba, a riƙa ƙara rabin awa kowane mako. A kunna shi kafin asuba, sai ta samu ta ci abinci a sanyi. Sharaɗin shi ne kada a yi yau da haske gobe babu. In wutar unguwarku ba ta da tabbas kuma ba sola, barinsa ya fi. Wanda ya bar fitila dare da rana a kan 'yan wata uku don su yi saurin farawa, zai samu ƙananan ƙwai da fitar baya. Baladi ba sai an wahala da fitila a kanta ba.

Masu shan jini da masu sata

In kwanaki sun cika, abinci ya yi, amma zanko fari fat, kaza ba nauyi, ki ɗauki tocila ki shiga akurki da dare. Akwai kaskar kaji, mai faɗi launin ƙasa, da ke ɓuya a tsagar bangon laka da ƙarƙashin ɓawon itacen da suke hawa. Da rana ba za ki gan ta a jikin kaza ba, da dare take fitowa ta sha jini ta koma, kuma tana ɗauke da cutar da ke kawo zazzaɓi da koren zawo. In kaji suka ƙi shiga akurki da magariba suka koma kan katanga, ita ce abin zargi na farko. Maganin yana ga ɗakin: a fitar da shimfiɗa a ƙone, a babbake sandunan hawa, a yi feshin da likitan dabbobi ya ba da, a yaɓe tsagogi a shafe da farar ƙasa, a maimaita feshin bayan mako guda zuwa kwana goma saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. Ƙwarƙwata kuwa a jiki take zama, ki buɗe gashin gindin wutsiya da ƙarƙashin fiffike za ki gani. Ramin toka da yashi a inuwa, inda za su yi birgima, yana rage ta.

Maganin tsutsar ciki a ba da shi wajen mako 16, kafin ƙwai ya fara, domin wasu magungunan suna hana cin ƙwan na kwanaki. Rigakafin cutar Niyukasal, wadda a nan ake kira samir, shi ma a sabunta shi kafin farawa, sannan duk bayan wata uku zuwa huɗu. Garken da mura mai tsanani ta kama tun suna 'yan tsaki, akan samu wasu a ciki da mahaifar ƙwai ta lalace: zanko ja, durƙuso, zaman gurbi, amma ƙwai babu har abada.

Sau da yawa kuma ƙwan yana nan, ke ce ba ki gani ba. Baladi gwanar ɓoyo ce: ƙarƙashin rumbu, cikin tarin kara, bayan buhunan gawayi, wani lokaci gidan maƙwabta. In yatsa uku sun shiga amma gurbi wayam, ki kulle su har azahar kwana uku a jere, tunda yawancin ƙwai da hantsi ake yin sa. In kin ji kyarkyara kin je ba ki tarar da komai ba, ki dubi bakin kajin ko da gwaiduwa a jiki, ki nemi ramin ɓera ko gafiya, ki kuma yi hattara da maciji kafin ki zura hannu a lungu mai duhu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, gurbi a shirya shi tun mako 16. Akwati ko rabin jarka ko tsohuwar tukunya mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a wuri mai duhu da sanyi inda ba a yawan wucewa. A zuba ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa mai kauri. Sandar kwana ta fi gurbin tsayi, in ba haka ba a ciki za su riƙa kwana suna kashi. A saka dafaffen ƙwai da aka yi wa alama da gawayi, ko farin dutse mai siffar ƙwai, don kaza tana son zubawa inda ta ga wata ta riga ta.

Ƙwan fari ƙarami ne, na kazar gona giram 40 zuwa 45, sai a hankali ya kai wajen 60 cikin wata biyu zuwa uku. Yana iya zuwa da ɗan jini a ɓawo, ko ya zo lugub babu ɓawo, ko da gwaiduwa biyu, ko a tsince shi a tsakar gida inda ya kuɓuce mata. Ta yi yau ta tsallake kwana biyu, duk daidai ne a makonnin farko. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, kusan 20 daga ciki a wajen yin ɓawo, shi ya sa kullum take ɗan ƙara latti har ta tsallake rana. Abin da ba daidai ba shi ne kaza ta tsaya a miƙe wutsiya ƙasa, tana yunƙuri tana shiga gurbi tana fita ba komai: ƙwai ya maƙale. A zaunar da bayanta cikin ruwa mai ɗumi minti 15, a shafa man girki a dubura, a ajiye ta wuri mai duhu ita kaɗai, kada a matsa cikin ƙwan ya fashe. In kuma jan nama ya fito ya ƙi komawa, a ware ta nan take kafin sauran su gani, domin da sun ga ja za su yi ta sara har su kashe ta.

Baladi in ta fara takan jera 10 zuwa 15 sai ta nemi kwanci, ta yi kwana 21 a kai, ta ƙara kusan wata biyu tana yawo da 'ya'ya, shi ya sa ƙwanta a shekara bai fi 40 zuwa 60 ba, alhali ta gona tana kusantar 300. In ƙwan ci kike so, ki riƙa kwashewa kullum ki bar mai alamar gawayi kaɗai.

Kazar gona da ta wuce mako 28, ko baladi da ta haura wata tara, an gyara abinci, an kawar da kaska, zafi ya sauka, amma har yanzu yatsa ɗaya ne ke shiga, ki ɗaura mata jan zare a ƙafa ki sake gwada ta bayan mako biyu. In ƙashin bai buɗe ba, ki lalubi mararta: mai kitse za ki ji ta da tauri da kauri kamar an cusa tsumma, ita ce ta tukunya, abincinta kuma a bar wa sauran.